Ƙanwata ce likita ya ce tana da bodalain, wa ya san wannan ciwon?

Yayar Ummi: Salamu alaikum jama'ar gida. Admin a min afuwa rubutun zai ɗan yi tsawo. Ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, shekararta 19, tun tana aji uku na sakandare muka fara ganin abin amma muka ce ƙuruciya ce zata wuce. In ta so mutum kamar ta haɗiye shi, ƙawa ce ko malama ce ko ni kaina, yau ke ce duniyarta gobe don kin ga saƙonta baki amsa da wuri ba shikenan kin zama maƙiyiya, ta yi blokin ɗinki ta kulle kanta a ɗaki ta yi ta kuka wai dama ta san kowa gudunta yake. Yaron da ke nemanta ya je Legas kwana huɗu, wlh a dare ɗaya ta kira shi ya fi sau talatin, da ya ɗauka kuma ta wanke shi tas ta ce ta fasa, da asuba ga ta tana roƙonsa. Abin da ya fi ɗaga mana hankali watan jiya na gano tana ji wa kanta ciwo a ɓoye, hannun riga ke rufewa. An yi ruƙiyya sau uku. Ƙarshe dai muka kai ta asibiti, likitan ƙwaƙwalwa ya zauna da ita sau biyu ya ce abin da yake gani sunansa bodalain, wai BPD, kuma wai ba ƙwaya ce maganinsa ba, zama ne da magana. Ran Mama ya ɓaci, ta ce mun ƙona mai mun bi layi tun safe sannan a ce mana hira ce magani. Dan Allah wanda ya sani ya min bayani da Hausa, ana warkewa kuwa?

Abban Sadik: Auta ce ko? Ni dai a ganina shagwaɓa ce ta yi yawa, Bature kuma baya rasa sunan da zai laƙa wa abu. A zamaninmu tsawa ɗaya Baba zai daka kowa ya shiga taitayinsa

Yayar Ummi: Ba auta bace Abban Sadik, akwai biyu a bayanta. Tsawa kuwa babu irin wadda bata sha ba, har duka Baba ya yi, ranar ma abin ya fi muni

Maman Hanan: Allah sarki Allah ya bata lafiya. Amma kar ku saki ruƙiyya fa, wannan saurin juyewar kamar ba ita ba ai alamar mutanen ɓoye ce, a dage da azkar da habbatus sauda

Sista Mai Dutin Dare: Wa alaikumus salam Yayar Ummi, sannu da ƙoƙari. Ni nas ce a ɓangaren ƙwaƙwalwa shekara goma sha ɗaya kenan, ba zan iya tabbatar da ciwon mutum ta waya ba amma abin da kika zayyana ya yi kama da abin da likitan ya faɗa. Alamomi tara ne a littafin likitoci, in mutum yana da biyar kuma sun daɗe tare da shi suna ɓata masa rayuwa sai a kira shi da wannan sunan. Babbarsu ita ce tsoron a guje shi, tsoro na fitar hankali ko da babu wanda ya ce zai tafi. Sai mu'amala mai hawa da sauka, yau kai mala'ika gobe kai shaiɗan. Sai rashin sanin kai, yau zata karanci likitanci gobe ɗinki jibi ta canza ƙawaye da shiga gaba ɗaya. Sai aikata abu ba tunani kamar ɓarnar kuɗi ko shaye-shaye, ji wa kai ciwo ko yunƙurin kashe kai, yanayin rai da ke juyawa cikin awowi, jin cikin mutum fayau kamar ba komai a ciki, fushi mai wuyar riƙewa, sannan in damuwa ta yi tsanani a riƙa zargin mutane ko a ji kamar an fita daga jiki ana kallon kai daga gefe. Wannan na ƙarshen shi ne mutanenmu ke gani su ce aljanu, don yarinya zata ce miki wlh ji nake kamar ba ni ba.

Maman Hanan: Toh Sista kina nufin babu jinnu kenan?

Sista Mai Dutin Dare: Ni ban ce ba Hajiya, ba fannina bane. Ku yi addu'a ku yi azkar, babu likitan da zai hana. Abin da nake roƙo kawai kar a tsaya nan, kuma kar a kai ta inda za a ɗaure ta ko a dake ta da sunan fitar da aljani. Yarinyar da ke ji wa kanta ciwo ba a jira da ita

Ɗan Kantin Kwari: Tambaya, wannan ba shi ne baifola ba? Akwai yaron shagonmu da aka ce yana da shi

Sista Mai Dutin Dare: Daban ne, kuma ana yawan rikita su har a asibiti. Mai baifola in abin ya taso kwanaki yake yi ko makonni, baya barci kuma baya jin gajiya, ya yi ta surutu da manyan tsare-tsare, sannan ya faɗa baƙin ciki na makonni, sau da yawa ba wanda ya taɓa shi. Na bodalain kuwa cikin yini ɗaya zai iya juyawa sau uku kuma kusan kullum akwai abin da ya tsokano, an ƙi ɗaga waya ne, an yi wani kallo ne, an ce za a zo ba a zo ba. Baifola ƙwaya na masa aiki sosai irin su litiyam. Bodalain kuwa har yau babu ƙwayar da aka amince ita ce maganinsa, hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin magani a Ingila tun 2009 ta ce kar a ba da ƙwaya don shi kansa, sai dai in akwai wani ciwon tare da shi kamar ciwon damuwa mai tsanani. Don haka ki faɗa wa Mama likitan nan bai yi muku ha'inci ba, wanda zai cika muku leda da ƙwayoyi kala biyar shi ne abin tsoro

Ɗalibar Saikoloji: Bari in ɗan ƙara a kan na Sista. Sunan ma kansa tsohon kuskure ne, wani likita a Amurka Adolph Stern ya fara amfani da shi a 1938, ma'anarsa bakin iyaka, don a lokacin gani suke mutanen suna tsakanin damuwa ta yau da kullum da taɓin hankali. Sai 1980 ya shiga littafin likitocin Amurka a hukumance. Shekaru da yawa likitoci da kansu gudun masu shi suke wai basa jin magani, har wata mata Marsha Linehan ta jami'ar Washintan da ke Siyatil ta fito da tsarin magani ta hanyar zama da magana da koyar da dabarun riƙe zuciya da ake kira DBT, ta buga sakamakon gwajinsa a 1991 aka ga masu ji wa kansu ciwo sun ragu kuma sun fi tsayawa a magani. Abin da ya fi taɓa ni, sai a 2011 ta fito ta faɗa wa duniya ita ma ta sha wannan wahalar, tana 'yar 17 aka kwantar da ita a asibitin ƙwaƙwalwa ta yi sama da shekara biyu a ciki. Ita ce ta kwatanta masu ciwon da wanda wuta ta ƙone masa fata, abin da zai shafe ka ka wuce shi ihu zai sa shi

Abban Sadik: Toh naji. Amma me ke kawo shi, ba dai rashin tarbiyya ba?

Ɗalibar Saikoloji: Abu biyu ne ke haɗuwa Abban Sadik. Akwai gado, binciken tagwaye da dangi ya nuna wajen kashi 40 cikin ɗari daga jini ne, wato an haifi yaro da zuciya mai saurin kamawa da jinkirin hucewa. Sai kuma inda ya tashi, in kullum ana ƙaryata abin da yake ji. Ka san irin namu ai, kukan me kike yi an dake ki ne, rufe min baki, ke kin fiye kaza. Yara tara zasu ji wannan su wuce lafiya, na goman mai siririyar fata sai ya koyi cewa ba a jin sa sai ya yi ihu ko ya fasa abu. Da yawa kuma an ci zarafinsu suna ƙanana ko sun tashi a hannun riƙo daga wannan gida zuwa wancan, amma ba duka ba, akwai waɗanda suka tashi a gidan kirki. Don haka Yayar Ummi kar ku je ku ɗora wa Mama laifi

Tsohon Ango: Na yi shiru ina karantawa amma gaskiya abin ya ishe ni. Kullum su ne abin tausayi, mu da muka zauna da su fa? Shekara huɗu na yi da mace mai irin wannan halin sak, in na makara minti goma daga kasuwa na tarar an fasa faranti, ta bincike min waya ta kira matar abokina ta zage ta, sau uku tana cewa in na fita zata kashe kanta har na rasa aiki saboda zaman gadi. Na rame na koma kamar mai jinya, da na sake ta kuma dangi suka ce ni ne mugu. Yanzu kuma a zo a ce ciwo ne a yi mata uzuri? Ni wa ya min uzuri

Maman Hanan: Kai Malam ka yi haƙuri, kowa da jarabawarsa

Sista Mai Dutin Dare: Tsohon Ango ba zan ce maka ƙarya kake ba, na ga maza da mata da iyaye da suka zo mana a gajiye kamar kai, wasu har su ma sai an duba su. Ban san ko ciwon nan ne da ita ba tunda ba a gwada ta ba, amma ko shi ne, babu wanda ya ce ka zauna a fasa maka kai. Da kun samu mai nuna muku hanya, abu na farko da za a koya maka shi ne sa iyaka, kuma maganar zan kashe kaina ba kai kaɗai zaka riƙe ta ba, asibiti ake kaiwa a sanar da manya kowane lokaci

Mamba a ɓoye: Admin ya taimaka ya ɓoye sunana. Ni ina da shi, shekarata 34, an faɗa min ina 26 bayan aurena na farko ya mutu. Tsohon Ango, na karanta naka hawaye ya zubo min don kamar tsohon mijina ne ke magana, kuma gaskiyarka, na cutar da shi, ciwon ya bayyana dalili ne amma bai wanke ni ba, daga baya na aika an roƙar min gafararsa. Abin da nake so ku gane, lokacin da nake kiran nan sau talatin ba mulki nake ba, wlh ji nake kamar an tura ni rijiya, in bai ɗauka ba mutuwa zan yi, bayan awa biyu kuma kunya ta rufe ni in tsani kaina fiye da yadda kowa zai tsane ni. Ciwon da nake ji wa jikina ma ba don a gani bane, shekara shida ba wanda ya sani, na cikin ne ya fi ƙarfina. Abin da ya taimake ni wata masaniyar halayya ce da na yi kusan shekara biyu ina zuwa wajenta, farko duk sati daga baya duk wata. Ba cikakken DBT bane don babu zaman rukuni inda masu ciwon ke koyon dabarun tare, amma ta koya min dabarunsa. In abin ya taso in tsoma fuskata a ruwan sanyi in riƙe numfashi kaɗan, bugun zuciya sai ya sauka. In rubuta saƙon amma kar in tura sai an yi sallah ta gaba. In tambayi kaina me na gani da idona, me kuma na ƙirƙira, ya ƙi ɗauka ne ko yana kan babur. Sau biyu ina yin fushi da ita in daina zuwa, ranar da na koma bata min gori ba kuma bata lallashe ni ba, ta ce zauna mu duba me ya faru. Yanzu ina da aure da yara biyu ina koyarwa, abin yana zuwa har yanzu amma kamar yayyafi ne ba ambaliya ba

Yayar Ummi: Innalillahi 'yar uwa kin sa ni kuka a ofis. Allah ya saka da alheri, zan karanta wa Mama wannan yau

Malam Na Ƙofar Mata: Masha Allah. Wannan dabarar ta jinkiri ai muna da ita, hadisi ya zo cewa wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa. Kuma neman magani umarni ne, baya karo da tawakkali. Mu malamai ma ya kamata mu san inda namu ya tsaya mu ce a je asibiti

Tsohon Ango: Baiwar Allah na gode da baki musa min ba. Ban da abin cewa

Anti Malama: Ni tambayata daban ce, ina koyarwa a makarantar 'yan mata ta kwana, akwai 'yar SS1 shekara 15 da nake ganin irin wannan. An ce min wai ba a sa wa yaro wannan sunan sai ya kai 18, mu jira kenan?

Ɗalibar Saikoloji: A'a Anti kar a jira. Littafin likitocin ya yarda a faɗa ko mutum bai kai 18 ba in alamun sun kai shekara ɗaya suna nan, kuma dama a shekarun balaga yake fara fitowa ya yi ƙamari wajen ƙarshen goma sha zuwa ashirin da 'yan kai. A Melbon ta Ostireliya akwai Farfesa Andrew Chanen da shirinsu na HYPE, aikinsu kenan kama shi da wuri tun kafin yaro ya bar makaranta ko ya faɗa shaye-shaye. Amma a kula, ba duk 'yar 15 mai kuka da fushi bace mai bodalain, balaga ma kanta guguwa ce. Ke dai kar ki sa mata suna, kar a tona ta a asambuli, a kira iyaye cikin sirri a kai ta a duba

Ɗan Kantin Kwari: Wai duk mata ne? Tun ɗazu ta ta ta nake ji

Sista Mai Dutin Dare: Hhh a asibiti kam wajen uku cikin huɗu mata ne, amma da aka bi gida-gida aka yi bincike a ƙasashen waje sai aka ga kusan kunnen doki ne. Namijin ba a kawo shi da kuka, ana kawo shi da tiramol ko kodin ko faɗa, ko a same shi a gidan yari an ce ɗan daba ne. Gaba ɗaya ana ƙiyasin mutum 1 zuwa 2 cikin ɗari, a cikin waɗanda ake kwantarwa a ɓangarenmu kuwa ya kai 1 cikin 5

Yayar Ummi: Sista wani abu ya faɗo min. Muna da Goggo ƙanwar Baba, ta haura sittin, aure huɗu ta yi, ana ba da labarin tana budurwa har rijiya ta taɓa nufa. Shekaru da yawa ta lafa, amma tun da mijinta ya rasu autarta ta yi aure ta dawo kullum ciwo kullum asibiti ba a ganin komai, in baka je gaishe ta ba kwana biyu ta yi ta aike wai an yar da ita, ta daina cin abinci. Ko shi ne? Kuma haka Ummi zata ƙare?

Sista Mai Dutin Dare: Goggo sai an duba ta, a shekarunta dole a fara cire ciwon damuwa da ciwon mantuwa da na jiki tukuna. Amma yadda kika faɗa haka tafiyar ciwon take a wajen wasu, zafin kai da ji wa kai ciwo su ne ke fara sauka in an shiga talatin zuwa arba'in, tsoron kaɗaici da jin fayau ɗin nan su ne masu naci, miji ko 'ya'ya sun riƙe mutum shekaru, ranar da suka gushe sai abin ya leƙo ta wata ƙofar, ƙin cin abinci, ƙin shan magani, rigima da masu jinya. Game da Ummi kuma ga abin da zai kwantar miki da hankali. A asibitin McLean kusa da Bostan, Mary Zanarini ta bi mutum 290 masu ciwon shekara da shekaru, bayan shekara 10 kashi 93 cikin ɗari sun samu aƙalla shekara biyu alamun sun sauka ƙasa da ma'aunin ciwon. Sai dai rabi ne kawai suka haɗa da tsayayyen aiki ko karatu da zaman lafiya da mutane. Ni darasin da na ɗauka a nan, kar ku cire ta daga makaranta wai ta huta, kuma dan Allah kar a ce aure ne maganin a yi sauri a ɗaura, karatun da sana'ar suna cikin maganin. Goggo bata samu kowa ba a zamaninta, Ummi ta samu tana 19

Abban Sadik: Toh ni na janye maganar shagwaɓa. Amma DBT ɗin nan a ina talaka zai same shi a nan, kar mu yi ta kiran Amurka da Ostireliya

Sista Mai Dutin Dare: Tambayar kenan. Cikakkensa da rukuni da kiran waya yana da wuyar samu a nan, masana halayya sun yi mana kaɗan. Amma a tambaya a asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya kamar na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato, na Maiduguri, da sashen ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano, a ce ana son ganin masanin halayya ba likita kaɗai ba. Kuma ba DBT ne kaɗai ba, akwai wani tsarin zama da magana da ake kira MBT na Bateman da Fonagy daga Landan, akwai tsari mai sauƙi na John Gunderson da aka yi shi don likita na gama-gari ya iya. Abin da suka haɗu a kai shi ne mutum ɗaya tsayayye, rana tsayayya, a faɗa wa mai ciwon sunan ciwonsa, a sa iyali a ciki

Mamba a ɓoye: Ƙari ɗaya, mutane na ɓoye yunƙurin kashe kai don tsoron 'yan sanda saboda tsohuwar dokar nan ta Final Kod sashe na 231 da ta mai da yunƙurin laifi, Gana ma ta cire irin tata a 2023. Dan Allah kar wannan ya hana ku kai mutum asibiti, ciwon nan yana kisa, ba wasa bane. Yayar Ummi ki kwashe magunguna da duk abin da kika san tana amfani da shi daga ɗakinta, kuma ki tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin mutuwa, tambayar bata sa wa mutum ra'ayin, ni sauƙi na ji ranar da aka tambaye ni

Yayar Ummi: In ta fara kuma me zan ce mata? Ni da na ce ki yi haƙuri ba komai bane sai ta ƙara hawa

Mamba a ɓoye: Ba komai bane ɗin nan ita ce fetur. Ki ce na ga abin ya miki zafi, duk wanda ya ji an share shi zai ji ciwo. Baki ce gaskiyarta bane ƙawar ta tsane ta, kin dai yarda tana jin zafi. In ta fara zagi ki ce ina nan ba inda zan je amma ba zan tsaya ana zagina ba, zan dawo bayan la'asar, kuma ki dawo ɗin a kan lokaci ko da minti ɗaya kar ki ƙara

Yayar Ummi: Jama'a na dawo, kwana uku kenan. Jiya abin ya tashi a kan ƙawarta ta sa hoto da wata bata sa da ita ba, na gwada maganar, ta ce min munafuka ta buga ƙofa, amma kafin magariba ta fito da kanta ta zauna kusa da ni tana tsinke zogale, da kwana biyu take yi a ciki. Na kwashe magungunan. Mama ta ji saƙon 'yar uwarmu ta yi shiru ta ce a koma. An ba mu ranar Alhamis ƙarfe tara, Sista mu tafi da Mama ko mu biyu kawai?

Sista Mai Dutin Dare: Ku tafi da ita, amma ku bar Ummi ta fara shiga ita kaɗai, in an kira ku sai ku shiga. Ku je da katin wancan zuwan, kuma ku karya kafin ku fita don layin Alhamis ba dama